Ba a Taɓa Akwatin Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara.

Kada ka ga takarda ka ɗauka na huce. Ban huce ba, lambarka ma tana nan a toshe yadda na bar ta tun rasuwar Inna. Amma Baba namu ne mu biyu, kuma tunda shi ya yanke cewa wata ɗaya a wurinka wata ɗaya a wurina, dole akwai maganar da za ta riƙa wucewa tsakaninmu. Direban da ya kawo shi ya ce kullum yana bin hanyar nan, shi zan riƙa bai wa.

Baba ya iso. Auta, wannan ne mutumin da ka ce wa mijina ya samu sauƙi? Ciki ya kumbura har riga ba ta sauka, idanu sun yi rawaya, takalminsa a hannu ya riƙo saboda ƙafa ta ƙi shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zawo. Dattijo kamar Baba yana sauri zuwa banɗaki a gaban jikokinsa, yana riƙe da bango. Da na bincika jakarsa sai na ga wata kwalbar magani mai zaƙi irin na yara, ya ce likitanka ne ya rubuta, kuma tun da ya fara sha cikinsa bai tsaya ba. Na ɗauke ta na sa a saman durowa.

Washegari na kai shi wurin likita na gaske, ba asibitinku da Inna ta yini a kan benci tana jiran a kira sunanta ba. Ya duba shi, ya ce ciwon hantar ya yi nisa amma ana iya lallaɓawa. Ya tambaya ko yana shan wani magani, na ce mu fara daga farko. Ya rubuta na rage ruwan ciki da wasu.

Na ce wa Baba ya zubar da duk ƙwayoyin da ka haɗo shi da su. Ya ce to. Da yamma ya miƙo mini katunan maganin babu ko ƙwaya ɗaya a jiki, na kai kwandon shara da hannuna.

Na faɗa maka ne don ka sani, ba don neman shawara ba.

Ka gaida yara. Wassalam.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, kuma mun gode da aka tuna muna raye.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin injin buga littattafai, abokan aikina suna tambayata wa ya mutu. Na ce babu, shugabar makaranta ce take ba ni maki.

Yaya, ki sauko da kwalbar nan. Wallahi ba wasa nake ba. Zawon da kike gani shi ne aikin maganin. Likitan hanta ya zaunar da ni ya yi mini bayani: hantar Baba ba ta iya tace dattin jini, to ta bayan gida ake fitar da shi, in ba haka ba ya hau kai. Ya ce gara ya yi ta zuwa banɗaki da ya zauna bai san inda yake ba. Ni ma ba daɗi nake ji ba, matata ce take wanke zannuwan, ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Kuma likitanki na gaske, kin gaya masa akwai wanda yake duba Baba tun bara? Ko sunan asibitin ne ya yi miki nauyi a baki?

Maganar Inna kuwa, tunda kin taɓo. Eh, ta yini a kan benci. Ni ne a gefenta ina yi mata fifita da kwali. Ke kina taron malamai, kika ce a jira ki. Mun jira ki. Ban taɓa faɗa miki wannan ba saboda ke ce babba, amma kin sa shi a takarda, ni ma ga nawa a takarda.

Ki ce wa Baba agogon bangon da ya bari a buɗe a kan teburina yana nan, ban bari yara sun taɓa ba.

Ki gaida mai gidan da yara. Na bar ki lafiya.

Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa.

Wata ya cika, ga Baba nan na dawo maka da shi. Ka dube shi da kyau kafin ka sake koya mini aikin likita. Cikin ya sauka, takalmi ya shiga, kuma tun da na ɗauke kwalbarka zawo ya tsaya cak. Ba zan aiko da ita ba. In dattin jini ne, Allah ya ba mu ruwan sha.

Abu ɗaya ne ya dame ni, barcinsa ya juye. Da rana gyangyaɗi, in kowa ya kwanta shi kuma ido biyu. Ina da ragowar ƙwayar barci da aka rubuta wa mijina lokacin da ya yi fama, ƙarama ce fara, na ba shi, na kuma sayo ƙari. Guda ɗaya da yamma. Yanzu yana barci kamar jariri.

Na haɗa masa maganin da zai ishe shi har ya dawo. Na ce masa ko ka kawo naka kada ya karɓa, ya ce to. Ba na son in ji an canza masa komai.

Ka san halinsa, da kansa yake riƙe maganinsa. Ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar ƙusar agogo da hantsaki ba za a ƙirga masa ƙwaya ba. Tsohon akwatinsa mai gida-gida, wanda yake jera ƙusoshi a ciki, shi ya mayar wurin ajiya. Yana shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya sha abinsa. Ƙaramar 'yata ta kai hannu ranar nan, ya yi mata kallon da yake yi mana, ta saki ta gudu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce yarinya, mu ma da haka muka tashi, ba a taɓa akwatin Baba.

Game da taron malamai, ba zan ce komai ba. Allah yana gani.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Baba ya iso lafiya. Gaskiya cikin ya sauka, ba zan hana ki wannan ba. Har ya sauka da yawa ma, fatar hannunsa in ka ja sai ta tsaya a tsaye, leɓɓansa a bushe. Amma dai na ga alheri na faɗa.

Na mayar da shi wurin likitansa. Ya tambaya ko akwai abin da ya canza, na ce ya je hutu wurin 'yarsa ne kawai. Me zan ce? In ce yayata ta buɗe nata asibitin a falo? Ya sake rubuta maganinsa na da, na sayo sabuwar kwalba. Na ce wa Baba ya ajiye na wurinki. Ya ce to. Bayan la'asar ya kawo mini katunanki wayam, ya ce ga su. Don haka kada ki wahalar da kanki da sayen wasu, naki sun bi shara yadda nawa suka bi.

Yana kukan gwiwa, in zai tashi daga sallah sai an kama shi. Na tsaya a kemis na layinmu na karɓo masa maganin ciwon gaɓoɓi, irin wanda nake sha in bayana ya riƙe. Guda ɗaya da safe. Ya ce ya ji daɗinsa sosai, har ya ce in ƙaro.

Jiya matata ta kawo masa lemo. Ya zauna ya ɓare, ya ware shi ɓare-ɓare, ya kira yarana biyu yana ba wannan ɗaya yana ba wancan ɗaya. Da guda ya rage sai ya sa wuƙa ya raba shi a tsakiya. Kin tuna? Ke kina cewa ke ce babba a ba ki mai yawa, ni ina cewa ni ne ƙarami a ba ni mai yawa, shi kuma yana maƙale da gilashinsa na ido ɗaya yana auna rabin lemo. Na so in yi dariya, sai na ga wuƙar tana rawa a hannunsa.

Agogon bangon nan har yau bai rufe shi ba. Yakan zauna a gabansa ya daɗe, sai ya ce gobe.

Ga wata takarda ya ce in haɗa da tawa. Ban buɗe ba.

Ki huta lafiya.

Auta

*

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da zuriyarku.

Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne yake gudu ya bar ni.

Ina nan lafiya. Ƙaninki yana ƙoƙari, matarsa ma haka. Ke ma kin yi ƙoƙari. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake Allah ya ba ni 'ya'ya biyu, kuma ban san wanda ya fi wani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Direban nan mutumin kirki ne, amma bai kamata a ce shi ne bakinku ba. Ranar nan ya tambaye ni ko ƙaninki kurma ne shi ya sa ake rubuta masa.

Uwarku ba ku kuka kashe ta ba. Na faɗa masa, yanzu na faɗa miki, kalma ɗaya ce ban ƙara wa kowa ba.

Kada ki damu da maganar magani. Duk abin da ɗana ya miƙo mini da hannunsa ban taɓa mayarwa ba, ke ma haka. Ina kula.

In na zo ki ajiye mini kujerar bakin taga. Ki ce wa uwarku ta daina rufe tagar, ba na ganin aiki.

Mahaifinki

*

Auta,

Sallama.

Me kuka yi wa Baba a gidan nan?

Tun takardarsa na ji gabana ya faɗi, mutum ya ce ba mu muka kashe Inna ba, a ƙasa kuma yana aika mata saƙon taga. Na ce ƙila tsufa ne. Da ya sauko daga mota sai da direba ya riƙe shi. Ya dube ni ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da yake yi wa masu kawo gyara, ya ce agogon naki bai gama ba, Hajiya, ki dawo jibi. Ni, Auta. Ni da ya goya a kafaɗa.

Zuwa yamma ya dawo daidai, ya kira ni da sunana, ya ci abinci kaɗan. Amma in ya miƙa hannu sai tafin ya riƙa faɗuwa yana tashi da kansa. Fitsari ma ya ragu, yini guda bai nemi banɗaki ba, shi da maganin likitana yake sa shi zarya.

Na sake samun kwalbar nan a jakarsa. Wato duk abin da na faɗa iska ce. Na zubar da ita a rariya wannan karon, kowa ya huta.

Ya ce ƙwayar barcinsa ta ƙare. Na yi mamaki, don abin da na haɗa masa ya isa ya kai shi har yanzu da saura. Na san hannun nan ne, yana zubar da rabi a ƙasa. Na sayo wata.

Ban yarda a sake kai shi asibitinku ba. In watan nan ya cika ma ba na jin zan sake shi, ka ji da kyau. Ka kai ƙarata duk inda kake so.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa, in har akwai sauran wurin gaisuwa.

Zan bar wannan a ƙarƙashin filas, tunda ko a ɗaki ɗaya a gaban gadon ubanmu a asibiti kin gwammace ki kalli ƙarfen ƙarin ruwa da ki kalle ni. In kin karɓe ni jinya da rana za ki gani. Na gode wa mijinki da ya kira ni ranar da Baba ya ƙi farkawa. Da ta ke ce, da sai dai in ji a bakin direba.

Kin ji abin da babbar likitar ta ce, amma kin fita kafin ta gama, bari in ƙarasa miki. Da ta sa kowa ya kawo takardun maganinsa muka zube a tebur, kin ga yadda ta jera su tana gwadawa. Maganin rage ruwa na likitana da na likitanki aikinsu ɗaya, launi ne da suna suka bambanta. Maganin saukar da bugun jini ma haka. Ta ce gwajin jininsa da yadda jikinsa ya bushe ba na mai shan kashi ɗaya ba ne, Baba duka yake sha. Naki da nawa, tun watan farko. Katunan da ya nuna mana ɓare su kawai ya yi.

Bayan kin fita ta ce tsoho mai ciwon hanta jikinsa ba ya sallamar magani da wuri, yana taruwa ne, wani ya hau kan wani. Ta ce maganin gwiwa da na saya ba a haɗa shi da na rage ruwa a irin wannan jikin, shi ya taimaka wajen durƙusar da ƙoda. Na ji, na haɗiye, nawa ne. Amma ta ce abin da ya kwantar da shi bai farka ba shi ne ƙwayar barci, ga kuma kwalbar da aka hana shi. Ta tambaya wa ya hana. Na ce ban sani ba. Har yanzu ina rufa miki asiri, ban san dalili ba.

Ta kuma tambaya sau nawa aka sayi ta barcin. Da mijinki ya faɗa, sai ta ce wannan ya wuce ɗaya a yini. Yaya, nawa kike ba shi? Ko dai kina ƙara masa ne don gidanki ya yi tsit ki samu ki yi makin jarrabawa?

Sun ce za a gwada wankin ƙoda in jikinsa zai ɗauka. Nas ta ce a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga, tana cikin kofi a kan durowa.

Auta

*

Auta,

Na ga takardarka. Na amsa gaisuwar.

Ɗaya nake cewa ya sha, kuma ban taɓa sa masa a baki ba, kai ma ka san ba ya yarda. Ka iya bakinka. Ni ma na samu likitar da rana, na tambaye ta da kaina. Ta ce mai kemis ɗinku da ka kira a gabanta ya faɗi sau nawa ka koma karɓo na gwiwa, shi ma lissafin bai yi daidai da ɗaya a yini ba. To kai nawa kake ba shi? Wannan ka manta ba ka rubuta ba.

Kwalbar kuwa, ba na buƙatar rufin asirinka. Na gaya mata ni ce. Ta dube ni kawai, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka faɗa mini tun farko, na sani. Da wani ne ya faɗa da na ji. Kai ne ka faɗa.

Sun dawo masa da maganin nan mai zaƙi ta robar hanci, kuma wajen azahar ya buɗe ido. Ya gane ni. Na ce Baba, don me? Na ce maka ka bar na Auta ka ce to, shi ma ya ce ka bar nawa ka ce to. Sai ya ce, to wanne zan zubar? Na ce wanda ba shi da amfani. Ya ce a cikinku wa ne ne ba shi da amfani?

Na ce bari in kira nas.

Da na dawo yana lalube a gefen gado yana neman akwatinsa, wai lokacin shan magani ya yi kuma bai son ya saɓa. Na ce yana cikin jaka, a kulle, likita ta ce an dakatar da komai. Na tambayi likitar ko in kawo mata shi, ta ce ƙwayar da aka raba da katinta ba ta da suna, kuma yanzu ba zai canza aikinsu ba. Na ji sanyi a raina, don ban san ta yadda zan fasa shi yana raye ba.

Ya tambaye ka. Na ce sai yamma. Ya ce kullum in ɗaya ya shigo ɗaya ya fita, kamar masu gadi.

Audugar ta ƙare, ka taho da wata.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya haɗa shi da Inna a inda ya fi nan.

Baƙi sun watse, gida ya koma shiru. Na ga lokacin da kika shiga mota, na fito har bakin ƙofa, sai na koma.

Wajen wanka aka sami makullin akwatin a ɗaure da zare a ƙugunsa, aka ba ni tare da jakar. Kwana da kwanaki akwatin yana kan teburina kusa da agogon da bai gama ba. Ina wucewa ina kallonsa, da girmana da 'ya'yana, ina jin kamar za a daka mini tsawa. Yau da safe bayan yara sun tafi makaranta na buɗe.

Yaya, ya jera na kwanakin gaba, bai kai ga sha ba. Layin sama na safe, layin ƙasa na yamma, da rubutunsa a jikin murfi. Kowane gida ya sa ɗan guntun kwali ya raba shi biyu. A ɓangare ɗaya ya rubuta harafin farko na sunanki, a ɗayan nawa. Na ɗauko takardun likitocin biyu na zauna ina gwadawa da launi, har na gane kowace ƙwaya.

Da safe maganin likitanki ya fi nawa yawa da ɗaya. Sai ya ƙara ta gwiwa a ɓangarena, ta zama biyu, don su zo daidai. Da yamma nawa ne ya fi naki da ɗaya. Sai ya ƙara ta barci a ɓangarenki. Kowane gida haka, daga farko har ƙarshe, babu inda ya yi kuskure ko sau ɗaya. Mutumin da bai gane fuskarki ba, hannunsa yana rawa, bai taɓa bari ɓangaren wani ya fi na wani ba. Hantsakinsa yana ciki, da shi yake ɗauka.

Don haka ba ki ƙara masa ba, ni ma ban ƙara ba. Na janye maganar makin jarrabawa, ƙazamar magana ce. Amma kada ki ɗauka wannan wanke mu ya yi. Na yi ta juya abin. Likitar ta ce hantar za ta ɗauke shi ko ba jima, amma da sauran lokaci, ƙila mai yawa. Da ranar da likitanki ya tambaya kin ce akwai wani likita, da ranar da nawa ya tambaya na ce akwai naki, da magana ta ƙare a nan. Tambaya ɗaya aka yi mana, kowa ya ba da amsar da za ta ɓata wa ɗan'uwansa rai. Shi kuma yana ɗaki ya rufe ƙofa yana raba mana lemo.

Haushinki nake ji, Yaya, ba zan ɓoye ba. Haushin kaina nake ji. Har shi ina jin haushinsa, Allah ya yafe mini, da bai iya cewa a'a ba ko sau ɗaya.

Kawu ya ce a haɗa kayansa a raba. Ba su da yawa: kayan aiki, agogunan da masu su ba su dawo ba, tufafi, da akwatin. Ki faɗi yadda kike so a yi, direba zai kawo miki rabinki.

Ki gaida mai gidan da yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ya namu haƙurin.

Na karanta. Na sake karantawa.

Ka gaya wa Kawu kada a raba komai. Ka riƙe duka, ko ka aiko duka, ko ka bayar. Ba na son rabi. Kada wanda ya sake kawo mini rabin wani abu a gidan nan.

Ƙwayoyin ka kai wa likitar ta zubar yadda ake zubarwa. Guntayen kwalin da ya raba gidajen da su, ka cire.

Na sallami direba, na ce masa wannan ce ta ƙarshe. Na buɗe lambarka. Ban ce ka kira ba.

Yayarka